Bola, kwata da reshen bishiya: a wuyan wa alhakin ya rataya?

Malam, tambayarka ta tattaro matsaloli da dama a wuri guda. Akwai fili a layinku wanda mai shi bai gina ba har ya zama bola, akwai kwata da ta toshe ruwanta yana kwanciya a gindin katangarka, akwai bishiyar maƙwabci da rassanta suka hau rufinka, sannan ga gidan haya da mai shi da mazaunansa suke ɗora wa juna laifin ƙazantar da ke fitowa daga cikinsa. Duk wanda ka yi wa magana kuma sai ya ce aikin hukuma ne, shi ya sa kake son sanin wanda za ka tunkara a kan kowanne.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga birni zuwa birni, amma a wannan babi tsare-tsaren shari'a da ba su haɗa asali ba sun kusan tsayawa a matsaya ɗaya. Alhaki yana fara sauka a kan wanda ya jawo cutar da hannunsa. Idan ba a same shi ba, ko kuma cutar ta ci gaba bayan ya tafi, sai ya koma kan wanda yake da iko da wurin da take fitowa, muddin ya san da ita, ko ya kamata a ce ya sani, kuma yana da halin kawar da ita amma ya zura ido. Wannan kashi na biyu shi ne mutane suka fi jahilta, kuma a nan ne yawancin rigingimun unguwa suke cijewa, domin kowa yana ganin cewa da ya ce "ba ni na zuba ba" to ya kuɓuta.

Tushen maganar shi ne mallakar fili ba ta ba mutum izinin cutar da wanda yake kusa da shi. A fiƙihun Musulunci ana gina wannan a kan hadisin nan da ya hana cutarwa da ramuwar cutarwa, kuma malamai sun fitar da ƙa'idar cewa cuta abar gusarwa ce. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya a kan hayaƙi da wari da indararo da magudanar ruwa tsakanin maƙwabta. Dokar Ingila, wadda ƙasashe da yawa suka gada, ta daɗe da amincewa da ƙarar maƙwabci a kan abin da ya hana shi jin daɗin gidansa, Faransa kuma a shekarar 2024 ta shigar da ƙa'idar damun maƙwabci fiye da ƙima cikin kundin dokokinta bayan kotuna sun shafe shekaru masu yawa suna aiki da ita. Sai dai dukkansu sun sa ma'auni: ba kowane ɓacin rai ne doka take saurara ba. Kukan jariri, ko ganyen da iska ta kwaso, ko ƙarar guduma ta yini ɗaya lokacin gyara, duk suna cikin abin da zama tare ya gada. Abin da ake kamawa shi ne cutar da ta wuce misali, wadda take lalata gini, ko take barazana ga lafiya, ko take hana mutum zama a gidansa yadda aka saba zama.

Mu fara da filin da ya zama bola, domin shi ne ya fi ɗaure kai. Masu laifi na farko su ne masu zubarwa, kuma kusan ko'ina zubar da shara a filin wani ko a gefen hanya laifi ne da ake ci wa mutum tara a kansa. Matsalar ita ce da dare ake zubawa, ko a aiko yaro da bokiti, kuma bayan wata shida babu mai iya rarrabe ledar gidan wane da ta gidan wane. Mai filin zai ce shi ma zaluntarsa aka yi, kuma gaskiya ya faɗa. Amma kasancewarsa wanda aka zalunta bai sauke masa nauyin da ke kansa game da kai ba, tun daga ranar da ya samu labari.

Akwai shari'ar da ta fayyace wannan a Ingila a 1940, wadda aka fi sani da sunan Sedleigh-Denfield. Ma'aikatan hukuma ne suka shiga filin wata ƙungiyar addini ba tare da izini ba, suka binne bututu a cikin wani lambatu, amma ba su kafa ragar tare ganye a inda ya dace ba. Masu filin ba su ne suka yi aikin ba, sai dai mutumin da yake kula musu da wurin ya san da bututun, kuma ruwan filinsu ta nan yake bi. Bayan kimanin shekara uku aka yi ruwa mai ƙarfi, bututun ya toshe da ganye, ruwa ya malale gidan maƙwabci. Kotun ƙoli ta wancan zamani ta ce masu filin za su biya, domin sun san da hatsarin, gyaransa kuma abu ne mai sauƙi, amma suka bar shi ya ci gaba. A 1966 aka faɗaɗa wannan ƙa'ida a wata shari'a daga Ostiraliya: tsawa ta faɗa kan wata doguwar bishiya ta kama da wuta, mai gonar ya sa aka sare ta, amma maimakon ya kashe wutar da ruwa sai ya bar ta ta cinye da kanta, iska ta taso, gobara ta tsallaka gonar maƙwabta. Babu wanda ya ce shi ya saukar da tsawa, amma an kama shi da sakacin abin da ya biyo baya. Alƙalan sun ƙara da wani sharaɗi mai muhimmanci, wato ana auna abin da ake nema daga mutum da gwargwadon ƙarfinsa, ba a ɗora wa mai ƙaramin hali abin da ba zai iya ɗauka ba a kan cutar da ba shi ya haddasa ba.

Idan ka ɗora wannan a kan filin layinku, abin da ake nema daga mai shi a bayyane yake: ya kwashe abin da ya taru, ya kewaye wurin ko da da waya ce, ya sare ciyawa, ya kai rahoton masu zubarwa. Bola ba muni kawai take jawowa ba. Tsohuwar taya ɗaya da ta tara ruwan sama ta isa sauro ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10, ga ɓeraye da ƙudaje, ga ledar da ruwa yake kwashewa ya cusa a kwata. Saboda haka abu mafi amfani da za ku yi shi ne ku tabbatar mai filin ya sani ta hanyar da ba zai iya musantawa ba, wato a rubuce, da kwanan wata da hotuna, domin sanin nan shi ne yake mayar da shi daga wanda aka zalunta zuwa wanda ake bi bashi. Kango da aka bari ya zama maɓoyar ɓata-gari ko katangarsa ta rinjayo kan hanya, hukuncinsa ɗaya ne da wannan.

Akwai wani ɓangare da masu ƙorafi ba su cika son ji ba. Shararka ba ta daina zama taka don kawai ta bar ƙofar gidanka. Idan ka ba mai baro kuɗi ya kwashe, kana sane cewa babu juji na hukuma a kusa, kuma ka ga ya dawo cikin minti biyar da baro wayam, to ka san inda ya juye ta. A Ingila doka ta wajabta wa magidanci ya tabbatar cewa wanda ya miƙa wa shararsa yana da izinin ɗauka, kuma ana cin tarar mutane idan aka tsinci takarda mai adireshinsu a cikin tulin da aka jibge a gefen hanya. Ko a inda babu irin wannan doka a rubuce, a ganina hujjar tana nan daram, kuma kafin maƙwabta su haɗu su tuhumi mai fili, ya kamata kowane gida ya iya faɗin inda tasa sharar take ƙarewa.

Su kuwa masu cewa aikin hukuma ne, sun faɗi rabin gaskiya. Kwasar sharar gidaje da tanadar wurin zubar da ita da share hanyoyi da manyan magudanan ruwa, a yawancin ƙasashe nauyin hukumar birni ko ƙaramar hukuma ne. Dokar kare muhalli ta Ingila ta 1990 ta ɗora wa ƙananan hukumomi kwasar sharar gidaje, kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuma ya lissafa zubar da shara da ƙazanta cikin ayyukan ƙananan hukumomi a Jadawali na Huɗu. Cewa ba a cika wannan aiki ba sananne ne: rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa duniya tana fitar da tan biliyan 2.01 na shara a shekara, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kimanin kashi 48 cikin ɗari kawai ake kwashewa a birane. Amma gazawar hukuma ba ta halatta wa kowa juye bokiti a filin wani, haka kuma hukuma ba ta da wajibcin share filin da yake mallakar mutum a kyauta. Abin da take da shi a kan irin wannan fili iko ne na tilastawa. Tsarin dokar 1990 da na ambata ya nuna jerin a sarari: idan jami'in lafiya ya tabbatar da cuta, ana ba da takardar gargaɗi ga wanda ya haddasa ta, idan daga lalacewar gini take, sai a ba mai ginin, idan ba a gano wanda ya haddasa ba, sai a ba mai wurin ko mazauninsa. Wanda ya ƙi bin umarni ana gurfanar da shi, hukuma kuma tana iya yin aikin da kanta ta karɓi kuɗinta daga gare shi. Duba-gari a ƙasashe da yawa yana da iko mai kama da wannan.

Maganar kwata tana buƙatar ka tsaya ka bi ruwan da ido, ka ga daga ina ya fito kuma a ina ya tsaya. Ruwan sama da yake gangarowa da kansa daga tudu zuwa kwari, ba laifin na sama ba ne, kuma dokar Faransa tun 1804 ta ce filin da ke ƙasa dole ya karɓi ruwan da ya gangaro bisa ɗabi'a, ba zai yi masa shinge ba, shi kuma na sama ba zai yi wani aiki da zai ƙara wa na ƙasa nauyi ba. Wannan dokar ta kuma hana mutum ya karkata rufinsa ruwa ya zuba a gidan maƙwabci. Da zarar hannun mutum ya shiga, hukunci ya sauya. Wanda ya juya indararonsa ya fuskanci katangarka, ko ya ɗaga daɓen gidansa ya tattaro ruwa ya sako ta rariya ɗaya, ko ya saki ruwan wanka da wanke-wanke a hanya, ko ya gina dakali ko mashigar mota ya danne kwata, shi ne mai alhakin abin da ruwan ya ɓata. Idan masai ko ramin ƙazantar wani ya cika yana tsatstsafowa, wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara, na mai shi ne, kuma shi ne irin abin da jami'an lafiya suka fi saurin ɗaukar mataki a kansa.

Inda ake samun ja-in-ja shi ne kwatar da gidaje da yawa suke tarayya a cikinta. Kundin dokokin da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta tsara tsakanin 1869 da 1876, wanda ake kira Majalla, ya kawo wani rabo da har yau ban ga wanda ya fi shi adalci ba. A ce gida goma ne a kan magudana ɗaya. Ana fara yasa daga ƙasa, kuma kuɗin yashe ɓangaren da ke gaban gida na ƙarshe dukkan goman ne za su raba, domin ruwan kowa yana bi ta nan. Da an wuce wannan gida sai mai shi ya fita daga lissafi, tara su raba ɓangare na gaba, sannan takwas, har a kai ga na can sama wanda zai biya nasa ɓangaren shi kaɗai. Ma'ana, kowa yana biya ne gwargwadon tsawon da ƙazantarsa take tafiya. A aikace mutane sukan yi akasin haka, su bar na ƙasa da shebur shi kaɗai saboda a ƙofarsa toshewar ta bayyana, alhali kuwa abin da ya toshe ta daga sama ya gangaro. Wasu ƙasashe sun kauce wa rigimar gaba ɗaya: a Ingila da Wales, daga 1 ga Oktoba 2011, yawancin bututun ƙazanta da gidaje suke tarayya a kansu sun koma hannun kamfanonin ruwa, magidanci kuma ya tsaya a kan abin da ke cikin iyakarsa kuma gidansa kaɗai yake amfani da shi.

Bishiya ta mai ƙasar da gindinta yake ciki ce, kuma ɓarnar da rassanta ko saiwoyinta suka yi wa rufi ko harsashin gininka a kansa take, musamman idan an nuna masa bai yi komai ba. Abin da ya bambanta shi ne ko kana da ikon sarewa da kanka. A dokar Ingila, tun wata shari'a ta ƙarshen ƙarni na 19, kana iya datse abin da ya tsallako daidai kan iyaka ba tare da ka taka gidansa ba, amma reshen da ka sare da 'ya'yan da ke jikinsa nasa ne. A Jamus ba ka sare reshe da kanka sai ka ba shi wa'adi mai ma'ana ya wuce bai sare ba. A Faransa kana iya yanke saiwa da kanka, amma reshe sai dai ka tilasta masa ya sare. Tunda haka ne, kada gatari ya riga magana, kuma ko inda doka ta ba ka dama, idan ka yi saran da ya kashe bishiyar ko ya sa ta faɗi, ƙarar tana iya juyowa kanka.

A gidan haya ana raba alhaki ne tsakanin hali da gini. Sharar yau da kullum, da ruwan da ake watsowa waje, da hayaniya, da dabbobin da aka saki, na ɗan haya ne, domin shi yake riƙe da wurin kuma shi yake aikatawa. Rufi da katanga da bututu da ramin masai da bai isa yawan mutanen da aka zuba a gidan ba, na mai gida ne, haka ma tsakar gida da matakala da duk wurin da bai ba kowa haya shi kaɗai ba. Kotunan Ingila ba sa kama mai gida da laifin ɗan hayarsa don kawai yana karɓar kuɗin haya, sai idan ya ba da izinin abin, ko ya sa hannu a ciki, ko ya ba da hayar don wata sana'a da cutarwarta ba makawa ce. Yarjejeniyar haya tana iya raba ayyuka tsakaninsu yadda suka ga dama, amma wannan tsakaninsu ne, ba ta ɗaure ka kai da ba ka sa hannu ba. Mai gidan da ya cusa iyalai goma a gida mai bayi ɗaya ba tare da ya tanadi wurin tara shara ba, ba zai fake da cewa 'yan haya ƙazamai ne ba.

Game da hayaƙin ƙona shara da ƙarar janareta ko injin sana'a, alhakin a fili yake, na mai kunnawa ne. Ƙona leda da roba a sarari yana fitar da guba mai daɗewa a jiki da ƙasa, har yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Stockholm ta 2001 a kan irin wannan guba ta ambaci irin wannan ƙonawa cikin hanyoyin da take samuwa, saboda haka wanda ya cinna wa bola wuta da niyyar taimako ya sauya wa cutar kama ne kawai. Amsar da za ka fi ji daga mai inji ita ce ya riga ka zuwa unguwar. A nan dokoki sun raba hanya. A wata shari'ar Landan ta 1879, mai yin alewa ya fi shekara 20 yana daka a jikin katanga, likita ya gina ɗakin duba marasa lafiya a bayanta, ya kai ƙara, kuma kotu ta hana dakan, ba ta karɓi hujjar daɗewa ba. Majalla kuwa ta ce wanda ya zo ya yi gini kusa da sana'ar da ta riga shi, shi zai kare kansa, dokar Faransa ta 2024 ma ta kare sana'ar da ta riga zuwa matuƙar tana bin ƙa'ida kuma ba ta ƙara tsananta ba. Ko a wannan ra'ayi na biyu, wanda ya fara da inji ɗaya ya koma uku, ko ya mayar da aikin rana na dare, daɗewarsa ba ta rufe abin da ya ƙara.

Wajen neman haƙƙi, ka bambance cutar da ta shiga gidanka da wadda ta shafi jama'a baki ɗaya. Ruwan da yake cin katangarka haƙƙinka ne na kanka, kana iya kai ƙara ka nemi a hana kuma a biya ka diyya. Bolar da ta tare hanya kuwa ta jama'a ce, kuma a tsarin dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, hukuma ce take bin irin wannan, mutum ɗaya ba ya shiga kotu a kanta sai ya nuna wata asara ta musamman da ta same shi fiye da sauran mutane. Wannan ne dalilin da ya sa takardar koke mai sa hannun gidaje da yawa ta fi tasiri a kan bola, ƙarar mutum ɗaya kuma ta fi dacewa da katanga. Ka fara da magana ta fatar baki a gaban shaida, ka bi ta da wasiƙa mai wa'adi, ka ajiye hotuna masu kwanan wata da rasit na duk gyaran da ka yi, sannan ka kai wa jami'an lafiya ko hukumar muhalli ka karɓi shaidar cewa sun karɓa. Idan ba a san mai filin ba, ofishin rajistar filaye shi ne wurin bincike. Abin da zan hana ka shi ne ramuwa: kada ka toshe kwata don ruwa ya koma wa na sama, kada ka kwashi shara ka jibge a ƙofar wanda kake zargi, kada kuma ka haura filin wani ka rushe wani abu, domin kowanne daga cikin waɗannan laifi ne mai zaman kansa, kuma alƙali zai saurari nasa ƙorafin a kanka ko da kai ne ka fara shan cutar.